Rumfunan Kayan Fata a Kasuwar Kurmi

Duk wanda ya shiga tsohon birnin Kano da niyyar sayayya, ya kamata ya ware lokaci domin rumfunan kayan fata na Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Takalma da jakunkuna da tumtum da dukawa ke ɗinkawa da hannu daga jemammiyar fatar akuya suna da ƙarko da kyan ado, sai dai a duba ɗinkin da kyau, domin ba kowanne ne aikin gwani ba. Farashi kuwa sai an yi ciniki cikin haƙuri. Lungunan kasuwar suna da matsi, saboda haka zuwan hantsi ya fi, a sha fura da nono, sannan a zarce Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi na Kano.