Ƙaramin gurup mai inbata: yadda na same shi a gida da daji

Idan buƙatarka ba ta wuce fanka biyu ko uku, fitilu, telebijin, cajin waya da firigo guda ba, kuma kana son abin da za ka ɗaga ka sa a bayan mota, ƙaramin gurup (janareto) na wat 2,000 mai inbata, wato mai allon lantarki da ke daidaita wutarsa, ya ishe ka. Idan kuwa kilim kake son tayarwa ko famfon jawo ruwa, kada ka ɓata kuɗinka, ba aikinsa ba ne.

Na sayi nawa bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO. Mu nan Damagaram, mu da Maraɗi, layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa shi ke kawo mana kuran, don haka kowa ya ji a jikinsa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma duk wanda fanka ta taɓa tsaya masa da tsakar dare cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba sai an yi masa wa'azin gurup ba. Ga kuma sana'ata ta bin kasuwannin dabbobi wajen Tanut da Gure, inda dare kan yi mana a daji.

Abin da ya fi ruɗa masu saye shi ne lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Wannan lambar ƙarfin da injin ke iya kaiwa ne na ɗan lokaci. Na aikin yau da kullum yana ƙasa da ita, an maƙale shi a ƙaramin rubutu. Ko Honda EU22i, wanda ake auna sauran da shi, wat 2,200 ne ƙurewarsa, amma 1,800 ne na aiki. Nawa ba Honda ba ne, aljihuna bai kai can ba. Ƙirar Sin ne mai kama da shi, na aikinsa 1,600. To, firigo kan ci wat 150 ko kusa da haka in yana tafiya, sai dai a daidai lokacin da injinsa zai tashi yakan fizgi ninki uku ko fiye. Wannan fizgar ita ke kashe ƙananan gurup, mutum ya yi ta zagin mai shago a banza. Ni firigo nake fara haɗawa, in bari ya daidaita, sannan fanka da fitilu su biyo baya. Ranar da uwargida ta haɗa dutsen guga firigo na aiki, jar fitila ta kama, wuta ta ɗauke. Mun yi yarjejeniya: guga sai kuran ya dawo, ko a koma na gawayi.

Dalilin da ya sa na yarda na biya kusan ninki biyu na kuɗin gurup na gargajiya mai ƙarfi ɗaya da shi, mai ne da ƙara. Na gargajiya dole ya yi ta juyi 3,000 a minti don ya ba da wuta daidai, ko da ƙwan fitila ɗaya ka kunna. Mai inbata kuwa, in kaya ya yi sauƙi sai ya rage gudu, ya rage sha. Tankin nawa bai cika lita huɗu ba, amma da fanka da fitilu kawai yakan kai mu daga bayan isha'i zuwa kusan asuba. Tun da aka rage litar esans zuwa CFA 499 a Yulin 2024 lissafin ya ɗan yi sauƙi, ko da yake ƙarancin mai na Maris 2025 ya nuna mana cewa zama kusa da matatar SORAZ ba ya hana bin layi. Ƙararsa kuma ba ta hana hira. Dattijon da muke katanga ɗaya da shi ya taɓa leƙowa ya ce, “Ɗana, wai kuran ya dawo ne wajenku?” Na ce, “A'a Baba, gurup ne.” Bai yarda ba sai da ya gani da idonsa.

A daji ne na fi jin daɗinsa. Nauyinsa bai wuce kilo ashirin da ƴan kai ba, mutum ɗaya ke sauke shi. Wutarsa ba ta hawa da sauka, ban taɓa asarar caja ko batirin waya a kansa ba. Amma ba ya son karkata: in ka ajiye shi a rairayi ya ɗan nutse gefe guda, na'urar da ke lura da baƙin mai sai ta kashe shi. Guntun katako nake shimfiɗa masa.

Akwai tarko ga masu sayen na hannu. A Amurka ana yawan sayen irin waɗannan gurup domin masu yawo da motar da aka mayar ɗaki, da gado da kicin a ciki, kuma wutarsu volt 120 ce, mu kuwa 220 muke. In ka haɗu da irinsa a kasuwa, kyansa da arharsa kada su ɗauke maka hankali, juya shi ka karanta ƙarfen da ke jikinsa: 220 ko 230, da 50Hz. In ba haka ba, bar shi.

Yanzu ga inda ya gajiyar da ni. Ƙura maƙiyiyarsa ce. Cikin hunturu, in hazo ya sauko, soson tace iskarsa kan toshe cikin ƴan kwanaki, ka ciro shi ja wur, injin ya riƙa shaƙewa yana baƙin hayaƙi. Esans na kwalba da ake sayarwa bakin hanya ya taɓa toshe masa karbirato, haka ma in ka bar mai ya daɗe a ciki ba ka tayar ba. Waɗannan duk bakanike na warware su, da buji da juyen mai, wanda ake fara yi bayan awa 20 na farko. Babbar damuwar allon lantarkin da ke cikinsa ne. Mai gyarana ya faɗa mini gaskiya: “Alhaji, injin kam namu ne, amma in wannan allon ya ƙone sai an aika Kano.” Shi ya sa ba na barin ruwan sama ya taɓa shi, ba na kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Rashin nauyin nasa ma ɓarawo na so, sai na haɗa masa sarƙa da kwaɗo.

Tsoron ɓarawon nan ne ke sa wasu shigar da gurup zaure ko bakin ɗaki su rufe ƙofa. Wannan ganganci ne da rai. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, tana kashe mutane cikin barci. A fili ake ajiye shi, kamar mita shida daga ƙofa da taga, bakin salansa ya kalli waje. A daji ma nesa da inda aka yi shimfiɗa. Haɗa shi da wayoyin gida kuma sai da makunnin da ke raba shi da layin gari, don kada wutarka ta koma kan fal ta kama ma'aikacin da ke gyara.

Kafin ka miƙa kuɗi, ko a kasuwar Dole ko a wani shago, ka sa a zuba mai a tayar a gabanka. Tafi da dutsen gugarka, haɗa shi, ka saurari injin. In ya ɗaga murya ya tsaya daram, ku yi ciniki. In ya fara tari, ko mai shagon ya ce ba a gwadawa sai an biya, shago na gaba.