Tayil ɗin roba mai huda ko soson EVA: wanne ya dace da mazaunin matuƙin jirgin ruwa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tsakanin tayil ɗin roba mai huda da ake harhaɗawa da kuma soson EVA (wani nau'in roba mai laushi) da ake mannawa da gam, waɗanda kake shawarar shimfiɗa ɗayansu a mazaunin matuƙi na jirgin ruwanka mai filafilai, tayil ɗin za ka saya.

Shi ne a jirgina, kuma abin da ya sa nake yabonsa shi ne ruwa ba ya kwana a inda ƙafa take. Samfurin da ake kira Dri-Dek kowane ɗaya inci 12 ne tsawo da faɗi, wato kimanin santimita 30, kaurinsa ya ɗan haura rabin inci, kuma a ƙarƙashinsa akwai ƙananan ƙafafu da suke ɗaga shi daga daɓe. Duk ruwan da ya faɗo, na sama ne ko na teku, yana ratsa hudojin ya bi ta ƙasa ya nufi rariya, kai kuma kana tsaye a bisansa. Akwai yammacin da hadari ya riske mu, jirgi ya karkata sosai, igiyar ruwa ta faɗo mana ta baya har ta rufe idon sawu. Kafin in gama sassauta igiyar filafilai ruwan ya riga ya tsiyaye, kuma ɗana da yake riƙe da sandar tuƙi bai ko gusa daga inda ya kafa ƙafarsa ba. Tun daga ranar na daina sauraron masu cewa tayil ba shi da kyan gani.

Ba ya buƙatar gam ko ƙusa. Da wuƙa mai kaifi ake yanka shi daidai da siffar wurin, amma a yanka shi cif da bango, domin idan aka bar masa sarari zai riƙa zamewa gaba ɗayansa a lokacin da jirgi ya karkata. Aibinsa biyu ne. Yana da tauri a gwiwa idan ka durƙusa, sannan yashi da gashi da ɓawon kifi sukan taru a ƙarƙashinsa, waɗanda idan aka ƙyale su sukan goge fentin daɓen, su kuma toshe rariya. Maganin wannan shi ne a riƙa ɗaga shi ana wanke ƙasan da ruwa marar gishiri, aikin da ba ya cin lokaci.

Soson EVA kuwa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba: yana da laushi a tafin ƙafa, kuma ba shi da santsi ko da ya jiƙe. Sai dai a manne yake, don haka ruwa ta samansa yake bi, mai duhun launi yana ɗaukar zafin rana har ya gagari ƙafa, kuma ranar da bakinsa ya fara ɓallewa, kankare tsohon gam zai ci maka yini. Na taɓa shimfiɗa shi, ban kuma sake ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu suna ɗauko tayil ɗin da aka yi don banɗaki su ce na jirgi ne, alhali ba a sa masa sinadarin kariya daga hasken rana ba, don haka ba ya daɗewa yake ƙandarewa ya riƙa karyewa ta wurin mahaɗa. Ka nemi a ba ka guda ɗaya ka lanƙwasa shi da hannu. Nagari yana tanƙwaruwa ya koma yadda yake, marar kyau kuwa yana yin fari a wurin lanƙwasar. Idan kuma wani ya ce ka bar duka biyun ya kawo maka katakon tik na Myanmar, wato icen da ake shimfiɗa wa daɓen jiragen ruwa, da araha, ka yi shakka, domin tun 2021 Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa kamfanin katakon gwamnatin ƙasar takunkumi, kuma sau da yawa wani icen ne aka shafa wa mai ya yi kama da shi.

Kafin ka biya kuɗi, ka shimfiɗa kwali a daɓen ka zana siffarsa da wurin kowace rariya, ka zaɓi launi mai haske, ka ƙara tayil biyu ko uku a kan lissafinka saboda yanka. Wanda zai hau kan rariya kada ka harɗe shi da sauran, domin ka iya ɗaga shi da hannu ɗaya idan ta toshe kuna tsakiyar ruwa.