Sharhi kan shirin talabijin na Honey, I Shrunk the Kids

Duk wanda ya kalli fim mai wannan suna da kamfanin Disney ya fitar a 1989 zai yi wuya ya manta da wurin da Wayne Szalinski ya ɗebo abincin karin kumallo a cokali zai kai baki, alhali ɗansa Nick na cikin madarar yana kururuwar neman ceto. Ƙarfin wannan fim da Joe Johnston ya ba da umarni a abu guda yake: na'urar uba ta ƙanƙantar da yara huɗu, ciyawar bayan gida ta zame musu ƙungurmin daji, tururuwa ta zama abin hawa, kunama kuwa ta zama dodo.

Shirin talabijin da aka gina a kansa ya fara fita a 1997, ya ƙare a 2000 bayan zango uku da kashi 66. An ɗauke shi a Calgary ta ƙasar Kanada, ko da yake an nuna iyalin suna zaune a jihar Colorado ta Amurka. Peter Scolari ne ya gaji Rick Moranis a matsayin Wayne, kuma a ganina shi ne ginshiƙin shirin, domin bai tsaya kwaikwayon magabacinsa ba. Ya fito da nasa salon na magidanci mai rawar kai, wanda bakinsa ke riga tunaninsa, ga kuma matarsa Diane, wadda Barbara Alyn Woods ta fito a matsayinta, tana taka masa birki.

Inda gizo ke saƙar shi ne, labarin ƙanƙancewa ba zai ɗauki kashi 66 ba. Kashin farko ya riƙe amanar asali, inda kakan yaran ya haɗiye 'yan gidan bayan sun ƙanƙance, amma daga nan sai marubuta suka shiga kawo sabuwar ƙirƙira kowane mako, yau tafiya zuwa wani zamani, gobe baƙin halittu daga sararin samaniya. Dariya tana nan, sai dai fargabar da ta sa mai kallo ya riƙe numfashi a fim ɗin ta ragu ƙwarai, kuma dabarun kwamfuta na lokacin sun tsufa fiye da manyan kayan da aka sassaƙa da hannu a 1989.

Ga iyayen da ke neman abin da za su kalla tare da yara, shirin ya cancanta, musamman zangon farko, amma a fara nuna musu fim ɗin tukuna.