Tallafin iyali na haɗin gwiwar hukumomi: abin da ya yi mana da inda ya gaza

Idan matsaloli suka yi wa gida taron dangi, yawon ofisoshi kaɗai ya isa ya kwantar da mutum. Ɗana na tsakiya yana da farfaɗiya da jinkirin magana, babbar 'yata ta fara ƙin zuwa makaranta, maigidana ya rasa aikinsa ya faɗa ciwon damuwa, ga bashin haya ya taru. Asibiti sun san yaron, makaranta sun san yarinyar, ofishin gidaje sun san bashin, amma babu wanda ya san gidan. Duk inda na je sai na sake ɗauko labari daga tushe, har da abin da mace ba ta son furtawa ko sau ɗaya.

Malamar 'yata ce ta nemi izinina ta miƙa sunanmu ga wannan tsarin. Ana ba iyali ma'aikaci guda ya riƙe al'amarinsu gaba ɗaya, a rubuta shiri guda, sannan duk hukumomin da abin ya shafa su riƙa zama da iyalin lokaci-lokaci. Mu mace aka ba mu. Ranar da ta fara zuwa gabana faɗuwa yake yi, don na ɗauka raba ni da 'ya'yana aka zo yi. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ba za ta kai maganata wani ofishi ba sai da yardata, sai fa in ta ga ran yaro yana cikin haɗari, nan kam ba za ta jira izini ba.

Da farko wannan sharaɗin ya tsaya mini a rai, sai da na san asalin irinsa. A shekarar 2000 wata yarinya 'yar shekara 8, Victoria Climbié, ta mutu a Landan saboda azabar masu riƙonta, alhali 'yan sanda da asibitoci da ma'aikatan jin daɗin jama'a duk sun san da ita, kowa yana riƙe da guntun labarinsa. Rahoton Lord Laming, wanda ya jagoranci bincike kan mutuwarta, ya fito a 2003, dokar yara ta 2004 kuma ta wajabta wa hukumomin Ingila yin aiki tare. Uwar da ta ji labarin yarinyar nan ba za ta yi jayayya da sharaɗin ba.

Zaman farko shi ne abin da nake yaba wa tsarin da shi har gobe. Wakiliyar makaranta ta buɗe fayil tana karanto ranakun da 'yata ta yi fashi, da takardun gargaɗin da suka aiko mana. Sai ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon yaron ya fi tashi da dare. Ma'aikaciyarmu ta juya ta tambayi yarinyar a hankali, wa yake tashi da shi? Ta sunkuyar da kai ta ce ita ce, don Mama ta samu ta runtsa. Ni kaina ban san yawan daren da take kwana zaune ba. Yarinyar da aka rubuta wa taurin kai ashe jinyar ƙaninta take yi. A wurin aka janye gargaɗin, aka sa wa yaron ranar ganin likita don a duba maganinsa, aka nemo mana mai taya kula da shi wasu ranaku. Duk wannan bayanin yana hannunsu tuntuni, haɗa shi ne ba a taɓa yi ba.

Takardar shirin ma ta yi mini: abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar da za a gama. A zama na gaba ana bin ta layi-layi, wanda bai cika nasa ba ya yi bayani a gabana. Na roƙa a bar yayata ta riƙa zuwa, aka yarda. Ba sabon abu ba ne, tun 1989 dokar New Zealand ta ba dangi gurbi a zaman yanke shawara kan yaro.

Gazawarsa kuwa ba ƙarama ba ce. Tsarin yana haɗa ma'aikata, amma ba ya rage layi. Ɗana ya daɗe yana jiran mai koyar da magana kamar kowa. Kujerar masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar manya ta fi zama babu kowa, sai dai a karanto uzurinsu, alhali ciwon maigidana shi ne tushen rabin abin da muke ciki. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne da aka canja wa ma'aikaciyarmu wurin aiki. Wadda ta gaje ta mai kirki ce, amma 'yata da ta saki jiki da ta farko sai ta koma shiru, aka ɗauki lokaci kafin ta sake buɗe baki. Kuma da al'amura suka ɗan lafa, sun yi saurin maganar rufe fayil fiye da yadda raina ya so.

Duk da haka, wanda aka yi wa tayin wannan tsarin ina ba shi shawara ya karɓa. Ya nemi kwafin duk abin da aka rubuta a kansa, ya gyara kuskure kafin ya sa hannu, ya tambayi su wa za su karanta. Kafin a rufe fayil kuma ya dage a rubuta masa wanda zai kira idan abin ya dawo. Namu an rufe shi da sharaɗin makaranta za ta ci gaba da bibiyar 'yata, mu kuma muna jiran a kira yaron wurin mai koyar da magana.