Mun kai yara gwajin tarin fuka a Gombe, ga yadda muka gani

Ƙanin maigidana ne aka samu da tarin fuka, kuma ɗaki ɗaya yake kwana da yarana maza a Bolari, shi ne ma'aikaciyar da ke ba shi magani a sashen tarin fuka ta ce lallai a kawo duk yaran gidan a duba su. Ni kam da farko musu na yi, na ce ai lafiyarsu ƙalau, ba tari ba zazzaɓi ba rama. Wallahi matar nan bata yi min tsawa ba, zaunar da ni tayi tace Maman Abba ƙwayar cutar tana iya kwanciya shiru a jikin yaro, bata damunsa baya shafa wa kowa, sai wata rana ta farka, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi saurin kayarwa, wani lokacin har ƙwaƙwalwa take taɓawa. Nan jikina yayi sanyi.

Tambayoyi suka fara yi, aka auna nauyin kowa, sannan aka yi musu 'yar allurar nan ta ƙarƙashin fata a hannu, aka ce mu dawo cikin kwana 2 zuwa 3 kar mu wuce, in an wuce sai an sake. Babban, ɗan shekara 14, wurin ya kumbura, aka tura shi hoton ƙirji ya fito fes, wato tana kwance ne bata tashi ba. Aka ɗora shi kan maganin rigakafi na wata 3, ƙaramar ma 'yar shekara 3 an bata nata daidai nauyinta tunda kullum tana jikin baffan nata. Maganin ko sisi bamu biya ba.

Inda suka ɓata min rai layi ne, tun 8 muke zaune sai kusan azahar, kuma benci ɗaya aka haɗa yara da manya masu tari, haba, wannan kam ya kamata a gyara ko a fitar da yaran waje inda iska ke kaɗawa. Ga kuɗin hoto ga na Keke zuwa biyu.

Duk da haka maki 4 cikin 5 na basu saboda matar nan, shekaranjiya ma sai da ta kira ni tana tambaya ko Abba na shan maganinsa.