Tokar duwatsun Ningi: daga ina ta samo asali?

Wasu duwatsun Ningi da Burra a jihar Bauchi tokar aman wuta ce da ta kwararo da zafinta ta manne, sama da shekara miliyan 150 da suka wuce. Masana sun kasu biyu kan asalinta.

Wasu sun ce narkakken basalt (wani baƙin dutsen aman wuta) ne daga ƙarƙashin ɓawon ƙasa, wato dutsen da ya lulluɓe saman duniya, ya yi ta hucewa, ma'adinan da suka fara daskarewa suna kwashe kalsiyam da alminiyam, har sodiyam da fotasiyam suka rinjayi alminiyam a ragowar, wadda ita ce ta zama tokar. Sai dai hakan na buƙatar basalt mai ɗimbin yawa, a Ningi kuwa kaɗan ake gani a fili.

Wasu sun ce ɓawon ne da kansa ya narke. Wannan ya dace da yawan tokar, amma irin wannan narkewa ta fi barin alminiyam birjik, alhali a wannan tokar sodiyam da fotasiyam ne suka rinjaye shi. Ni dai na fi karkata ga bayanin farko, da ɗan gaurayen ɓawo.