Kamfanin ɗab'i ko Amazon?

A Amurka, sabon marubucin ƙagaggun labaran Kirista yana da hanya biyu. Manyan kamfanoni irin su Bethany House da Tyndale ba safai suke duba rubutun da bai biyo ta hannun wakili ba, wato mai nema wa marubuci kamfanin ɗab'i, wakilin kuma yakan ɗauki kashi 15 cikin 100 na kuɗin da marubucin ya samu. Sai jira, wata da watanni: da rana wurin aiki, da dare duba imel. Amma in suka karɓa, su za su tace, su zana bango, su kai shagunan littattafai.

Amazon KDP kuwa, wato dandalin Amazon inda marubuci ke wallafa littafinsa da kansa, ba ya neman wakili. Littafin intanet mai farashin dala 2.99 zuwa 9.99, kashi 70 naka ne. Sai dai kuɗin edita daga aljihunka, talla ma kai kaɗai. Ni kam tallan nan ne ke ba ni tsoro.